Na Kwance Kwamfutarka, Yaya Inuwa

Daga ƙanwarka Rabi'atu, a New Bell, Douala, zuwa ga yayana Inuwa, a duk inda wannan takarda ta riske ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Inna tana gaishe ka. Mutanen gida da maƙwabta duk lafiya, sai dai ruwan sama da ya hana mu sakat tun farkon wata, har kwatar bayan gida ta sake cika ta malalo tsakar gida kamar yadda ka saba gani.

Na rubuto maka a nan, a shafina inda kowa zai karanta, domin ba ni da wata lamba da zan same ka a kai. Wata bakwai ke nan rabonmu da muryarka. Waɗanda ke karantawa ba su san ka ba, su yi haƙuri da ni. Waɗanda suka san ka a can Aljeriya kuwa, don Allah su miƙa maka waya ka gani.

Shekara biyu da rabi da suka wuce ka bar shagonka na gyaran waya da kwamfuta a Nkololoun ka kama hanya. Ranar da za ka tafi ka ɗauko baƙar kwamfutarka ta cinya, ka goge ta da gefen riga, ka ɗora mini a hannu. Ka ce, “Ki yi aikinki da ita, amma kada ki bari kowa ya kwance ta. In ta samu matsala ki jira ni.” Na ce to. Yau na zo in gaya maka na saɓa. Na kwance ta da hannuna, har cikinta na gani.

Bari in fara daga farko, ko da yake zama wuri ɗaya ma yana yi mini wuya a kwanakin nan.

Ka san aikina a garejin manyan motoci na Bassa, inda nake buga takardun kaya na direbobi. Abin da ban gama ba ranar Juma'a, a kwamfutarka nake ƙarasa shi a gida. Amma wadda ta fi ni amfani da ita Inna ce. A lokacin da kake kira, a kanta muke ganin fuskarka, an kifa kwanon wanki a kan tabarma an ɗora ta. Da kiran ya yanke, sai Inna ta koma kallon bidiyon nan na Babbar Sallar da ka yi ta ƙarshe a gida, wanda kake babbakar kan rago hayaƙi yana shiga idonka kana dariya. Kullum bayan la'asar sai na kunna mata. Na tura shi a wayata, amma idonta ya yi rauni, ta ce a waya kamar ƙuda take ganinka.

Murfin ne ya fara rawa. In na buɗe, sai ya riƙa komawa baya a hankali kamar mai gyangyaɗi. Na riƙa jingina shi da gwangwanin madara. Haka muka yi ta lallaɓawa, har Sallar da ta wuce na ɗauki hoton Inna cikin sabon leshinta na sa a shafin nan, kwamfutar tana gefenta da gwangwaninta a baya.

Daga nan sai ta fara yin ƙas duk lokacin da aka buɗe. Kusurwar hagu, inda hinjin yake, wato ƙarfen da ya haɗa murfi da gangar jiki, ta fara buɗe baki. Wata safiya Inna tana shara ta tsinci wani ɗan baƙin abu bai kai ƙwayar shinkafa ba, ta ƙulle shi a bakin zane ta ajiye mini har na dawo aiki. Sukuru ne. Na kifa kwamfutar na duba ƙasanta, na tarar ramuka huɗu babu komai a ciki. Ɗaya yana bakin zanen Inna. Sauran ukun Allah kaɗai ya san ranar da tsintsiya ta kai su kwata.

Ranar Laraba Inna tana cikin kallo, iska ta kaɗo labule ya taɓa murfin, sai fuskar kwamfutar ta yi fari, ta yi layi-layi, ta ɗauke. Muryarka tana fita, kai ba a ganinka. Inna ta daɗe tana duban baƙin gilashin, sannan ta ce, “Shi ma wannan ya tafi ke nan?” Na ɗan motsa murfin hoton ya dawo, amma ta riga ta tashi ta shiga ɗaki.

Alhamis da Juma'a ban san yadda na yi aiki ba. Na buga lambar mota ɗaya a takardar wata, direban ya kai bakin ƙofa aka dawo da shi. A kan benskin, wato acaɓa, cikin cunkoson Ndokoti, ina riƙe da jaka ina lissafin ramuka huɗu. In na zauna sai in tashi, in na tashi sai in manta abin da ya tashe ni. Ina ta jin maganarka cewa in jira ka, ina kuma tambayar kaina har yaushe.

Ranar Asabar da safe na jawo akwatin kayan aikinka daga ƙarƙashin gadon Inna. Ban taɓa buɗe shi ba tun tafiyarka. Ƙananan sukudirebobinka suna nan a nannaɗe cikin tsumma, da matsefata, da ɗan maganaɗisu, da gwangwanin alewar nan da kake tara sukurorin matattun kwamfutoci a ciki. Na girgiza shi na ji ƙararsa, sai na tuna Asabar ɗin da nake kawo maka abinci shago, in tarar ka sunkuya da tabarau a kan hanci, kana ce wa mai kaya, “Batir ake fara cirewa kafin komai.” Da kuma, “In sukuru ya ƙi shiga kada a tilasta shi, a duba tsawonsa.”

Na farkon na bi. Na cire batir. Na zana ƙasan kwamfutar a takarda, duk sukurun da na kwance in ɗora shi a gurbinsa a zanen, kamar yadda na ga kana yi. Na sa farce na ɓanɓare bayan a hankali. Da ya buɗe na ga abin da ya faru. Robar da ke riƙe da hinjin hagu ta farfashe, 'yan ƙananan gidajen tagulla da sukurori ke shiga sun fita daga mazauninsu, biyu suna yawo a ciki. Wata siririyar waya da ta bi ta cikin hinjin zuwa fuskar kwamfutar ta matse, har fatarta ta fara ɓarewa.

Na biyun ne ban bi ba. Na ɗebo sukuru daga gwangwaninka na sa a ramin da bai fashe ba, ya ɗan yi tauri, na ƙara murɗawa. Da na juya kwamfutar sai na ga wani ɗan ƙurji ya taso a robar sama, kusa da maɓallai. Sukurun ya yi tsawo, saura kaɗan ya huda. Na ajiye sukudireba. Na tattara komai na naɗe a tawul, na sa a leda biyu saboda ruwa, na fita.

Wurin Yaya Buba na nufa, abokinka mutumin Garwa da kuka yi shekara shida a shago ɗaya. Tun da kiranka ya yanke na je wurinsa sau uku, kullum amsarsa ɗaya, a ci gaba da addu'a. Shagon yana nan yadda ka bar shi, tsakanin mai gwanjo da mai ɗinki, kujerarka ma tana nan an ɗora mata tulin tsofaffin caja.

Yana ganin tawul ɗin ya gane abin da ke ciki. Muka gaisa, ya tambayi Inna, bai yarda mun haɗa ido ba. Ya sa tabarau ya duba, ya kama hinjin da filaya ya gwada motsa shi, ya ƙi. Ya ce damshin garin nan ne ya sa ya yi tsatsa ya ƙage, shi ya sa duk buɗewa yake fizgar robar har ta fashe. Ya ce ko an cika ramukan da sababbin sukurori, in ba a sassauta hinjin ba, sati biyu zai sake ɓallewa. Sai ya ƙara da cewa, kamar mai magana da kansa, “Ai ya faɗa. Ya ce na hagun ne, tun da ya ga an jingina ta da gwangwani.”

Yaya, gwangwanin nan bai fito a ko'ina ba sai a hoton Sallah. Wata biyu ke nan da hoton.

Na ce, “Yaya Buba, yaushe ya faɗa?” Ya ce da daɗewa. Na ce masa da daɗewa babu gwangwani. Ya cire tabarau ya riƙa goge shi, ya goge ya sake gogewa. Ruwa ya fara dukan kwanon rufi. Na ce ba zan fita daga shagon ba sai ya gaya mini ko kana raye, kuma in ya yi mini ƙarya, shi da Allah da hawayen Inna.

Kada ka ga laifinsa. Ya riƙe maka amana wata shida, kuma na ga yadda ta ci shi. Ni na matsa masa.

Ya ce kana raye. Ya ce injin yankan tayil ne ya kama maka hannu a wani wurin gini. Ya ce babban yatsa da manuni na hannun dama sun tafi, na tsakiya kuma ba ya lanƙwasuwa. Ya ce ka yi jinya, ka warke, yanzu kana gadin wani sito. Sau uku ka kira shi, kowane kira da wayar aro, kuma ka sa shi ya rantse. Ya ce kana leƙa shafina duk lokacin da ka samu waya a hannu. Ya maimaita mini maganarka kamar yadda ka faɗe ta: “Me zan ce wa Inna? Na bar gida da sana'a a hannuna, yanzu ko allura ba na iya ɗauka.”

Ban yi kuka a lokacin ba. Haushi ne ya fara zuwa, mai zafi, har na ji kunnuwana suna ƙara. Na tuna ranakun da na bi mutanen da suka dawo daga can ina nuna musu hotonka. Na tuna sadakar da Inna take bayarwa duk Juma'a, da yadda take miƙewa duk lokacin da waya ta yi ƙara ko da ta maƙwabta ce. Na tuna ranar da na zauna ni kaɗai ina tunanin ko lokaci ya yi da za a yi maka sallar gawa. Duk wannan kana raye, kana kallon hotonmu, har kana ganin hinji.

Sai kuma na dubi sukudirebanka a kan tebur, wanda gindinsa ya yi santsi daidai inda babban yatsanka yake zama, haushin ya rasa inda zai tsaya.

Yaya Buba ya ce in bar masa kwamfutar zuwa Litinin. Na ce a'a, ka ce kada kowa ya kwance ta, tun da ni na saɓa, ni zan ƙarasa, shi dai ya faɗa mini. Ya kwashe cajojin daga kujerarka ya ce in zauna. Ya riƙe mini fitila.

Na fara da ɗan notin da ke jikin hinjin, na sassauta shi kwatan zagaye, na ɗiga mai, na yi ta motsa shi har ya saki. Na naɗe siririyar wayar da salatif na mayar da ita hanyarta. Na kankare fasasshiyar robar, na goge wurin. Ya matso gam iri biyu a kan kwali ya ce in gauraya da sauri, ba ya jira. Na ɗauki gidajen tagullar da matsefata na zaunar da kowanne a gurbinsa, na kewaye su da gam, ina kiyaye kada ya shiga cikin ramin. Sau biyu ɗaya ya kuɓuce mini, muka neme shi a ƙasa da maganaɗisunka.

Sukurorin kuwa, ya koya mini dabara. Ya karyo tsinken tsintsiya ya ce in zura a kowane rami in sa farce daidai bakin, in fito da shi in auna. Na zazzage gwangwaninka a kan farar takarda, na yi ta tonawa ina gwadawa da tsinken. Na sami uku daidai. Na huɗun shi ne na bakin zanen Inna. Ya ce kada in ɗaura na hinjin, kada kuma in motsa murfin, sai gam ya yi kwana guda cur. Muka maƙale kusurwar da abin shanya biyu, na ƙulle sukurorin a takarda.

Da na fito ban iya tafiya gida ba. Na rungume ledar na bi ta cikin kasuwa, na fito ta wajen masu tsire, na wuce masallaci, na sake dawowa. Ruwa ya jiƙa ni har ƙafa. Ina tafe ina shirya maganar da zan yi wa Inna, in shirya in rushe. Na ce in ɓoye mata hannun in gaya mata kana raye kawai. Na ce in ɓoye duka har ka kira da kanka. Da na shiga gida ta ce me ya same ni, na ce gyara ne ya ɗauki lokaci. Na ɗora kwamfutar a kan kabad. Kafin magariba na leƙa ta ya fi sau goma, kamar kallo zai sa gam ya bushe.

Yau Lahadi da safe, bayan mun sha kunu, tana zaune tana tsintar wake, na gaya mata duka. Ban rage komai ba.

Ta ajiye faifan. Ta tashi ta yi alwala, ta shiga ɗaki ta yi raka'a biyu, na ji ta daɗe a sujada. Da ta fito ta zauna inda take, ta jawo waken. Ta ce wane hannu ne. Na ce na dama. Ta ce yana cin abinci dai. Na ce ban sani ba. Na gaya mata abin da ka ce wa Yaya Buba, cewa ba ka san me za ka faɗa mata ba. Ta ce, “Ni ba yatsu na haifa ba, Inuwa na haifa.” Ta ci gaba da tsintar. Can da jimawa, har na ɗauka maganar ta ƙare, sai ta ce a hankali, “To wa yake yanke masa farcen hagu?”

A nan ne na yi kukan da ban yi a shago ba.

Bayan azahar na sauko da kwamfutar. Gam ya kama kamar dutse. Na ɗaura sukurorin hinji ɗaya bayan ɗaya, ban tilasta ko ɗaya ba. Na mayar da baya, na cika ramukan huɗu, na sa batir. Na ɗaga murfin da yatsa biyu, ya tashi babu ƙara, ya tsaya inda na bar shi. Ƙurjin da na yi mata yana nan kusa da maɓallai, za ka gan shi, ba zai ɓace ba.

Da aka yi la'asar na kifa kwano na ɗora ta, na kunna wa Inna bidiyonka. Hoton ya fito sarai. Ta kalla bai fi minti ɗaya ba, sai ta ɗaga hannu ta ce, “Kashe. Wannan na san shi. Na yanzu nake son gani.”

Shi ya sa na zauna rubuta maka. Na san za ka ji zafin cewa na faɗi abin da ka ɓoye a gaban mutane. Na tambayi Inna kafin in rubuta, ta ce in rubuta, ba abin kunya ba ne mutum ya ji ciwo a wurin neman halal. In ka yi fushi, ka kira ka yi mini faɗan, zan saurara har ka gama.

Ba mu ce ka dawo gobe ba, ba mu ce ka aiko da komai ba. In kana son zama a can, ka zauna. In kana son dawowa, ɗakinka yana nan, kuma Yaya Buba ya ce rabin aikin shagon gane ciwon na'ura ne, kuma har yau bai ga wanda ya kai ka ba. Wannan ku za ku tattauna. Ni abin da ke gabana shi ne tsohuwar nan, wadda tun ɗazu ta sa na matsar da tabarma kusa da soket don kada caji ya ƙare. Lambata ba ta canza ba. Ka ari wayar da kake ara. In maganar ta ƙi fita, ka kira ka yi shiru kawai, ka bari ta gan ka, ita za ta yi maganar.

Ya Allah, Ka kai wannan takarda hannun Inuwa. Ka sanyaya masa inda ya ji ciwo, Ka cire masa nauyin da ya ɗora wa kansa, Ka haɗa shi da mutanen kirki a ƙasar da ba tasa ba. Ka ba shi abinci mai albarka da wurin kwana mai aminci. Ka ƙara wa Inna lafiya da tsawon rai, Ka nuna mata fuskar ɗanta. Ka saka wa Yaya Buba da alheri. Amin.

Ka huta lafiya, Yaya.

Taka ƙanwa,
Rabi'atu.